Rasuwar Fankar Malam Gudaji Mai Nauyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki sharkaf da gumi, Malam Gudaji na Gumel yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fankarsa mai caji, wadda ta cika ranar Talata bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara. Watanta biyar a duniya.

A kasuwar Maigatari suka haɗu. Kowa ya san Malam Gudaji ba ya karanta kwali, ba ya tambayar ƙasar da aka ƙera kaya. Ɗagawa yake yi ya ji nauyi, don a wurinsa abu mai nauyi ba ya ƙarya. Ranar ya ɗaga fanka goma sha ɗaya. Maiɗakinsa Juwairiyya ta nuna wata fara sakayau, ya ɗaga ta da yatsa biyu ya yi dariya. Da ya zo kan marigayiya kuwa, sai da ƙugunsa ya amsa. Nan take ya ji ta kwanta masa.

Marigayiya mai natsuwa ce. Iska ba ta taɓa kayar da ita ba, yara ba su taɓa iya gusar da ita ba. Takan waiga dama da hagu cikin ladabi tana “firrr, ƙyat, firrr,” na tsawon minti ashirin, sannan ta huta.

Ciwon ajalinta ya fara da sanƙarewar wuya. Aka kai ta wurin Jonah mai gyara, ya buɗe cikinta a gaban jama'a. Ya tarar da batir kamar ƙwanƙon ashana, da ƙullin yashi uku a leda, an ɗaure su da kyau. Malam Gudaji bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta rasu ta bar caja, da kwalinta, da ƙanne bakwai a gidajen maƙwabta, waɗanda dukkansu bisa shawararsa aka saye su, shi ya ɗaga kowacce da hannunsa. Farar nan kuwa tana shagon Agnes mai ɗinki tana ta aiki, abin da Juwairiyya kan ambata kullum bayan cin abinci.

Za a zuba yashin a gindin darbejiyar ƙofar gida ranar Asabar da hantsi, gangar jikin kuma ta ci gaba da tokare ƙofar zaure. Ana karɓar gaisuwa a wurin. Malam Gudaji yana roƙon maƙwabtan nan bakwai, don girman zumunci, su zo hannu rabbana: ban da fanka, ban da sukundireba.