Rasuwar 'Yar Leƙe, Kyamarar Duba Maƙogwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Lawwali Na'Allah, ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke gefen Turba, nake sanar da rasuwar kyamararmu ta duba kunne da hanci da maƙogwaro, wadda aka fi sani da 'Yar Leƙe. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara huɗu a hannuna.

Marigayiyar ba ta kai kaurin karan dawa ba, kuma ba ta da ƙyama. Ta shiga kunnen da ke zubar da mugunya, ta shiga hancin da aka cusa wa ƙwayar wake, ba ta taɓa cewa komai ba sai "ɗit" idan an kunna ta. Duk abin da ta gani, wayata ke kai shi nan take ga Likita Kadijatu a Sakkwato. Likitar ta nuna wa ɗalibanta a allo, ni kuma ta faɗa mani wanda za ni ba magani da wanda dole ya hau hanya. Hanyar nan kuwa kun san ta, ba kowa ke dawowa ba.

Jinyar ta faro ne da farin bana. Rijiya ta koma laka, sifirit na goge kayan aiki ya ƙare, motar magani ta daina zuwa. Sai na riƙa tace ruwan da kallabi kamar yadda muke yi wa na sha, in tafasa, in goge ta. Ashe yashin da cikinmu ya saba da shi, idonta bai saba ba. Kullum hoto na ƙara dusashewa, har ya koma fari fat. Ni na kashe ta, ina zaton tsabta nake yi.

Ta bar waya ɗaya mai fasasshen gilashi, da caja, da ɗalibai talatin da ban taɓa gani ba. Ta kuma bar Inna Mairama ta Gatawa, mai ƙari a maƙogwaro, wadda koko ma da ƙyar yake wuce mata. Likita ta ce a sake nuna mata ƙarin ranar Alhamis, sannan ta faɗi ko tafiya Sakkwato za ta yi amfani, ko a bar tsohuwa cikin 'ya'yanta.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar, cikin kwalinta, a durowar ƙasa. Ba za a yi mata wanka ba, babu ruwan. Masu ta'aziyya su zo kowace rana ban da Alhamis. Ranar za ni tsaya da tocila a hannu, Inna ta buɗe baki, 'ya'yanta na jiran in ce masu a tafi ko a zauna.