Rasuwar Tabarau a Hammatar Ɗanladi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye saboda kunya, gidan Malam Badaru, malamin haraji da ke zaune a Gaya, na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da dagatai da masu unguwanni tun daga Balan har Gafasa, rasuwar abokin aikinsa kuma jagoransa, wato tabarau ɗinsa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, a gindin wata tsamiya a Gafasa, ana tsakiyar ƙidayar masu biyan haraji. Ya rasu a bakin aiki.

Malam da kansa ya zaunar da mu ya ce mu rubuta, domin shi yanzu ko alif ya kai tsawon taɓarya ba ya ganinsa. Ya kuma roƙa a karanta wannan sanarwa da ƙarfi a Balan, a jikin katangar gidan surukinsa, yadda na ciki za su ji. Malam ba ya iya kama sunan mai gidan, don haka mu muka kama a madadinsa: Malam Maiwada. A gidan nan matarsa Hansai take zaune tun da abin ya faru, ta kuma aiko cewa kada a sa ran ganinta a Gaya. Dalili na nan tafe, kuma ba mai daɗin ji ba ne.

An samo marigayi a birnin Kano shekarar da aka sami 'yancin kai, bayan likitan ido ya gwada Malam ya ce masa in ba da taimako ba, aikin alƙalami ya ƙare masa. Baƙi ne, mai kauri, mai kwarjini. Ya yi zamani da fam da sule, ya ga zuwan naira da kwabo, bai taɓa kwana a waje ba, bai taɓa hawa hancin kowa ba sai na mai shi. Ba shi da yawan magana. Da safe in an buɗe hannayensa yakan ce ƙyas, ƙyas, in an mayar da shi gidansa na gwangwani ya ce ƙwap, shi ke nan sai gobe.

Wanda bai san aikin haraji ba zai ce mene ne abin kuka a kan gilashi biyu. To, ya saurara. Haraji a kan namiji baligi yake, ban da yaro, ban da tsoho tukuf, ban da makaho da gurgu. Saboda haka da zarar an cire gyaɗa aka ce malamin haraji na tafe, sai ƙasar nan kaf ta koma ta yara da tsofaffi. Ƙato mai murya kamar ta bajimi ya ce bara aka yi masa kaciya. Mai shekara arba'in ya aro sanda, ya shafa toka a gemu, ya taho yana tari kamar ba zai kai la'asar ba. Wani a ce ya tafi cin rani, alhali yana cikin rumbu ya ƙudundune a kan dawa. Wani a ce ya mutu tun da damina, har mai unguwa ya ɗaga hannu a yi masa addu'a, ranar kasuwa kuma a gan shi yana taya jaki. Masu takardar shaidar biya su ma da nasu: wannan gara ta cinye tasa, wancan akuya, wancan matarsa ta wanke ta a aljihun riga ta miƙo masa wani abu kamar tuwon jiya. Akwai wanda ya kawo ta bara ya rantse ta bana ce, da aka nuna masa shekarar sai ya ce ai shi ba ya karatun boko, amma launinta bai canza ba.

Duk wannan marigayi ne ke rarrabewa. Wanda ya ce shi yaro ne, a ce ya ɗaga hannu, a duba hammata. In akwai gashi, magana ta ƙare. Wanda ya ce ya tsufa, a dubi gemu, a dubi haƙora. Ba a taɓa jin toka ta wuce marigayi ba. Amma kada a ɗauka ba shi da tausayi. Shekarar fari, in an zo gidan da rumbunsa ya zama wayam, sai ka ga marigayi ya yi hazo ba gaira ba dalili. Malam ya cire shi, ya hura masa iska, ya yi ta gogewa da bakin riga a hankali, har saurayin gidan ya sulale ya wuce. Masu unguwanni sun san da haka, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Babban aikinsa kuwa a Balan yake yin sa, sau ɗaya a shekara. Hansai 'yar fari ce a wurin Malam Maiwada, kun kuwa san nauyin da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa ta fari. Tun da aka ɗaura auren ba su taɓa haɗa ido ba. An daɗe da ɗauke wa tsohon haraji, sai dai yakan fito cikin tsofaffi a ga yana raye. Tun daga nesa marigayi ke hango shi, Malam ya yi wuf ya zame takalma, ya sauka daga kujera ya tsuguna, kai a ƙasa, har tsohon ya wuce. Ba a taɓa yin kuskure ba.

Marigayi ya daɗe yana jinya. Hannunsa na hagu ne ya fara karyewa, Hansai ta yi masa ɗori da baƙin zare. Daga baya gilashin dama ya tsage, sai Malam ya riƙa karkata kai yana kallon mutane ta gefe kamar zakara. Muryarsa ma ta canza, ƙyas ɗin nan ta koma ƙiii. Hansai ta yi magana har ta gaji, a kai shi Kano a duba shi. Malam ya ce bari a gama haraji. Aka gama, ya ce bari a gama jangali. Aka gama, damina ta sauka, hanya ta lalace.

Ajali ya sami marigayi a hannun wani Ɗanladi, mutumin Gafasa, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya zo ya tsaya cikin yara yana ƙanƙance murya. Aka ce ya ɗaga hannu. Hammata fes, an bi ta da aska. Malam ya matsa kusa don ya ga tushen gashin, ya ƙara matsawa, har gemunsa ya taɓa haƙarƙarin mutumin. Ashe Ɗanladi ba ya jure cakulkuli. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya maƙe hannu da ƙarfin mai noma. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce ƙarass. Ba ma zargin Ɗanladi. Ya yi nadama, ya kuma biya harajinsa nan take da murya irin ta manya.

Daga nan ne abin kunyar ya fara. Malam ya ɓoye mutuwar. Shi da ya yi shekaru yana tono rayayyun da aka ce sun mutu, sai ga shi ya ɗauki matacce yana cewa da ransa. Ya zagaya bayan tsamiya, ya tsince ragowar gilashin ya ƙulle a hankici, ya mayar da ƙwarangwal ɗin a hanci, ya dawo ya zauna kamar ba a yi komai ba. Tsoro ne ya sa shi. Ofis cike yake da samarin da suka gama makaranta suna harin kujerarsa, ya san in labari ya kai ga hakimi cewa ba ya gani, za a ce ya je ya huta. Sunayen mutane kuwa duk yana da su a ka, sai ya riƙe takarda yana kira kamar mai karantawa. Da ya koma gida Hansai ta ce yau me ya sami tabarau ya yi haske haka, ya ce goge shi ya yi.

Washegari Balan. Mutane a wurin Malam sun zama inuwoyi, fari da shuɗi, dogo da gajere. Don kada a gane, sai ya tsananta fiye da kullum, kowa ya zo ya sha bincike. Rana ta take, ransa ya riga ya ɓaci, sai ga wata inuwa mai rawani ta matso a hankali ta tsaya. Malam ya tambayi suna, shiru. Ya sake tambaya, shiru. Mai unguwa ya yi gyaran murya. Maikuɗi dogari ya ja hannun rigar Malam. Malam ya ɗauka roƙo suke yi wa wani nasu, ya fizge rigarsa ya ce yau ba sani ba sabo, kuma kurumtar ƙarya ba ta aiki a wurinsa.

Ya sa mutumin ya sauke amawali. Ya sa ya warware rawanin gaba ɗaya. Ya miƙe, da takalmansa a ƙafa, ya lashi yatsa ya murza gemun mutumin ya ji ko toka ce. Ya ce ya buɗe baki. Bakin ya buɗu, Malam ya leƙa bai ga komai ba, amma ina zai ce bai gani ba? Sai ya sa aka kawo ƙuli-ƙuli ya ce ya tauna a ji. Wasu daga cikin jama'a suka juya baya. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya sa a gefen da ya rage masa turame, ya tauna, kowa na jin ƙurus, ƙurus.

Malam ya koma kujera ya ce, “Kun ji ko? Wannan ai ko gobe aka ba shi budurwa ba zai ce a'a ba. A sa shi cikin masu biya.”

Mutumin ya naɗa rawaninsa a tsanake, bai yi gaggawa ba. Da ya gama sai ya ce, “To, an gode. In an koma gida a gaida mini uwar Hure.”

Hure ita ce babbar 'yar Malam Badaru. Uwarta Hansai.

Waɗanda ke wurin sun ce Malam bai sauka daga kujera ba, zubowa ya yi. Ya zame takalmi ɗaya, ɗayan ya ƙi fita, ya durƙusa a haka yana fuskantar inda yake zaton tsohon yake, alhali tsohon ya riga ya yi nisa. Ya gaya mana da bakinsa cewa a lokacin ya roƙi Allah ƙasa ta tsage ya shige, kuma har yau bai daina roƙon ba. Abinci ba ya wuce masa. In ya ji an ambaci ƙuli-ƙuli sai zufa ta karyo masa.

An aika wa tsohon cewa an cire sunansa. Ya ce a mayar, malamin gwamnati ya duba shi a gaban jama'a ya ce da sauransa, shi wane ne zai musa? Ya sayar da tunkiya ya biya, ya karɓi takardarsa, ya soke ta a gaban rawani inda kowa zai gani. Da ita ya je masallaci ranar Juma'a, da ita ya zo kasuwar Gaya ya wuce ta ƙofar ofis a hankali. Jikokinsa na tsokanarsa suna tambayar yaushe za a kai lefe. Bai ce wa kowa uffan a kan Malam ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo. Hansai dai ba ta yi shiru ba. Da labari ya iso ta, ta sauke tukunya daga murhu, ta ce ba za ta ƙara tuƙa tuwo ga wanda ya buɗe bakin ubanta kamar jaki a kasuwa ba. Ta ɗauki mayafi ta fita. An tura dattawa biko, ta ce ita ba ta da ta cewa, a tambayi mai haƙoran.

Marigayi ya rasu ya bar gidansa na gwangwani, da tsumman goge shi, da baƙin zaren da ke hannunsa, wanda Malam ya hana a kwance. Ya bar alƙalami da kwalbar tawada, marayu. Ya bar wani ɗan gurbi a kan hancin mai shi. Ya bar Malam Badaru, wanda ta wannan takarda yake shaida wa hakimi da ofis da duk mai sauraro abin da ya ɓoye: ba ya gani. Bai ga wanda ke gabansa ba ranar nan, wallahi bai gani ba. In kujera ce, a ba wanda ake so. Ya ce ya yi ta lissafi, kujera ba ta kai wannan ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa da safe. An tuntuɓi liman, ya ce kada a ƙara kawo masa wannan zance, saboda haka ba salla, binnewa ce kawai. Za a ɗauko gawar daga Gaya a cikin farin hankici, Malam zai tako da ƙafa, ba takalmi, Maikuɗi dogari na riƙe da hannunsa. Za a binne shi a Balan, daidai inda aka ajiye kujera ranar nan. Ba a bukatar goro, kuma don Allah kada kowa ya kawo sadakar ƙuli-ƙuli.

Zaman makoki a ƙofar gidan Malam Maiwada za a yi shi, daga waje, a kan ƙasa, ba tabarma. Ba a sa ranar tashi ba. Abu ɗaya ake roƙon mutanen Balan. Duk wanda ya ga tsohon ya fito, ya taɓa kafaɗar Malam tun da wuri, ya nuna masa ɓangaren da zai sunkuyar da kai. In kuma mace ce ta fito da ƙunshin kaya a ka, a taimaka a gaya masa ko hanyar Gaya ta nufa, domin ko ta gabansa ta wuce, shi ba zai sani ba.