Weji a Motar Ƙwai

"Lafiya lau, Tsoho. Ashe har yanzu kana nan? Na ɗauka zan tarar an naɗe tabarmar nan an raba gado."

"Ina nan daram, ja'iri. Sai na ga zubewar haƙoranka tukuna. Yaya hanya?"

"Hanya alhamdu lillahi."

Mai Tirela ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don ya san ƙarya ya shara. Duk unguwar da wannan suna aka san shi, kuma wanda ya laƙaba masa shi ne wannan kakan nasa da ke kishingiɗe a ƙofar gida, tsohon direban da a zamaninsa ake kira Ba-Birki. Shi ya ɗora masa hannu a sitiyari, shi ya kai shi wurin masu motoci ya tsaya masa. Tun da gwiwoyi suka sauke tsohon daga mota, ba shi da abin cika baki a majalisa sai jikan nan. To ga shi jikan ya ajiye makullin tirela, ya koma tuƙa wata 'yar mota mai raba ƙwai shago-shago a cikin gari. Kowa a gida ya sani, tsoho kaɗai aka ɓoye wa. Yau ya zo da niyyar faɗa masa ya nemi albarka, amma da ya shigo layin sai gabansa ya faɗi, ya ɓoye motar a lungun bayan gida ya ƙaraso da ƙafa.

"Ina saƙona? Ko ka shafe a ƙafafunka?"

"Ga man gwiwarka. Daga can bayan iyaka na taho maka da shi, saura kaɗan jami'ai su ƙwace. Ban san amfaninsa ba ma, gwiwar da ta riga ta yi ritaya."

Tsoho ya karɓi kwalbar, ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina.

"Ikon Allah! Ashe mai kemis ɗin bakin layinmu ya buɗe reshe a bayan iyaka."

"Wane mai kemis kuma?"

"Kai, ni za ka yi wa wayo? Kwalbar da ta kwana a tirela da warin gas take zuwa, ta sha gwara kai da sifanu a cikin akwati. Wannan fes take kamar yanzu aka sauko da ita daga kanta. Miƙo hannunka."

"Me za ka yi da hannuna? Ba na bayar da sadaka ranar yau."

"Miƙo, na ce. Kai! Ku zo ku ga farce! Ko ɗigon baƙin mai babu. Wannan ai hannun mai jego ne. Kuma yaushe tirela ta fara shigowa gari ƙasa ba ta girgiza ba? Ko kofin shayina bai motsa ba."

"A tasha na bar ta."

"Wace tashar? Ta lungun bayan gidana?"

Mai Tirela ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Sai ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ina cikin gida ina alwala," in ji tsoho, yana gyara zama don ya ji daɗin labarin, "sai na leƙa ta katanga. Me zan gani? Wani bawan Allah ya taho da mota kamar kwalin ashana, ya buɗe kwana har yana neman kwashe katangar maƙwabta, wai kada bayanta ya goga. Wane bayan? Da ya tsaya, sai ya fito da baya-baya yana laluben matakala da ƙafa, ga ƙasa nan tana kallonsa. Ban gama salati ba sai na ga ya je ya cicciɓo dutsen da mata ke wanki a kai, yana nishi, ya yi mata weji a bayan taya. A shimfiɗaɗɗen wuri! Dutsen ya fi tayar girma! Na ce wannan mahaukacin ko ɗan gidan uban waye? Da ya juyo sai na ga jinina ne."

"To ai hannunka ne ya koya min. Kai ka ce ko keke na ajiye in sa masa weji."

"Na ce ka sa wa mota. Ban ce ka sa wa kaza ba. Me take ɗauka?"

"Kaya."

"Wane irin kaya?"

"Ƙwai," Mai Tirela ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Ƙwai! Ƙwai nake rabawa! Ka ji daɗi?"

Tsoho ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni Ba-Birki! Ni da na sauko gangaren dutse da lodin siminti, birki ya tsinke, na riƙe ta da giya da addu'a har ƙasa, jikana ne yau yaron kaji! Gobe in na je majalisa me zan ce? Mai Tirela ya zama Mai Kiret?"

"Ka ce musu gaskiya mana. Gangaren nan ma kullum ƙara tsawo yake. Bara ka ce rabin yini ka yi kana saukowa, bana na ji ya kai kwana biyu. Kuma Kaka ta ce min rabin simintin a rafi ya ƙare."

"Matata ce ta faɗa maka haka?"

"Matata dai. Kai ai riƙo kake min."

"Da me za ka riƙe ta, da ƙwai? Mu a zamaninmu direba namiji ne. In na danna oda a bakin gari, mai abinci ta san ni ne, kafin in kashe inji ta zuba. Mu kwana a ƙarƙashin mota, sauro ya ci rabonsa, da asuba mu tashi mu kama hanya."

"Zamaninku ai sarauta kuka yi. In ka bar gareji babu mai sanin inda kake sai Allah. Yanzu akwai wata 'yar na'ura a cikin motar, gulma ce aikinta. In ka tsaya fitsari, kafin ka ɗaure wando an kira ka daga ofis. Ka bi layin lodi har gemunka ya fito. Ka isa shinge a sauke ka, ka isa na gaba a sake sauke ka. Ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, kana tafe kana mari fuskarka don kada barci ya ɗauke ka."

"Raki! Duk wannan raki ne. Ka ce dai tsoro ya kama ka."

"Ba tsoro ba ne."

"To mene ne? Matarka ce ta zare maka ido?"

Nan fa wasan ya fita daga ran Mai Tirela. Abin ya daɗe yana ci masa zuciya, bai taɓa faɗa wa kowa da bakinsa ba.

"Zuwana na ƙarshe, na shiga gida da 'yar tsana a hannu. 'Yar tawa tana wasa a tsakar gida. Tana ganina ta ruga ta ƙanƙame uwarta tana cewa, 'Umma, wani mutum ya shigo mana.' Har na koma hanya ba ta yarda na ɗauke ta ba."

"Shi ke nan? A kan wannan ka ajiye tirela? Ai ubanka ma har ya fara zuwa makaranta baƙo yake kirana. Ga shi nan ya girma, bai mutu ba."

"Bai mutu ba. Amma har gobe in ya zo gaishe ka, daga bakin tabarma yake durƙusawa, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tashi. Ka taɓa jin ya zauna ya yi hira da kai? Ni ba na so in tsufa 'yata tana min gaisuwar maƙwabta."

Yana rufe baki ya yi nadama. Tsakaninsa da kakansa babu irin baƙar maganar da ba su faɗa wa juna, amma wannan ya san ta wuce wasa. Tsoho ya buɗe kwalbar, ya lakato man, ya shiga murza gwiwarsa a hankali, ya daɗe yana murza wuri ɗaya. Mai Tirela ya tsorata sosai, don bai taɓa ganin an kashe wa Ba-Birki baki ba.

"Tsoho, ka yi haƙuri, ni ba..."

"Rufe min baki, yaron kaji. Yarinyar yanzu ta san ka?"

"Jiya a kan cikina ta yi barci. Har ta yi min fitsari."

"Madalla, ta rama min." Tsoho ya fashe da dariya har da tari, yana goge ido da bakin riga. "To Allah ya yi albarka. Allah ya tsare ka, ya tsare ƙwan mutane daga hannunka. Ɗaga ni."

"Ina kuma za ka?"

"Motar taka tana da kujerar gaba, ko a kan kiret ake zama?"

"Akwai kujera. Amma ba na ɗaukar tsofaffin kaya, masu shago ba sa karɓa."

"Za ka ɗauka yau. Tunda abar tana shiga lungu, ka biya da ni gidan ubanka. Duk yawon da na yi a duniya, tirela ba ta taɓa kai ni can ba."

Mai Tirela ya sunkuya ya sa kafaɗa a hammatarsa ya ɗaga shi.

"A hankali, ja'iri," in ji tsoho. "Ka riƙe ni yadda kake riƙe kayan naka."