Ranar da Kundi Ya Tsallaka Titi

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah Ya yi wa baƙin da ke zaune a unguwar, bayan lafiya da ruwan famfo sai a ambaci mai hoto. Shagonsa na tsallaken titi, daidai ƙofar ofishin takardun baƙi, kuma shekara ashirin da biyu ke nan yana ɗaukar hoton fasfo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Iskar da ta fito daga ofishin ita ke shiga shagonsa, don haka doka ta shige shi ta hanci, bai wahalar da idonsa da karatu ba. Mutane suka sa masa suna Kundi. Shi ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Ba malamin da ya kai shi dacen ɗalibai. Zai zaunar da mutum a kan kujera, ya haska masa fitila a ido, ya ce, "Ɗaga haɓa. Rufe baki." Da baki ya rufu sai karatu ya buɗe. Shi ya sa a tsawon shekarun nan ba a taɓa yi masa gardama ba.

Fatawowinsa kuwa kyauta ne, kuma sun yi daidai da farashinsu. Wani direban tasi ya kawo masa wasiƙar da ofishin ya aiko. Kundi ya ɗaga ta sama, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ce, "Kada ka kuskura ka buɗe. Wasiƙar da ba ka buɗe ba, ba ta san ka ba. Sashe ne guda a doka." An jima ba a ga direban ba. In an tambaya, Kundi yakan ce ya tafi canjin iska. Mai wanki kuma aka tabbatar masa cewa duk wanda mitar wuta ke ɗauke da sunansa, ƙasa ta riga ta rungume shi.

"Manyan cikin can duk yarana ne," in ji shi, yana nuna ofishin da haɓa. "In doka ta cije musu, ta taga suke leƙo ni."

Ana nan sai mai walda ya shigo, mutum mai sanyin hali, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Izinin zamansa saura mako uku ya ƙare, ga shi matarsa ta haihu. Hoton sabuntawa ya zo ɗauka.

Kundi ya sauke kyamara cikin tausayi. "Ƙanena, sabunta me? Jaririn nan a ina aka yanke masa cibiya? Nan. To ai ya ɗaure ku. Ɗa ya zama ɗan ƙasa, uwa ta bi ɗa, uba ya bi uwa, kamar taragon jirgi. Je ka yi waldarka."

Mai walda ya koma gida da fara'a. Matarsa ta saurare shi tana jijjiga jariri, sannan ta ce, "Maigida, yaron da bai iya riƙe wuyansa ba shi zai riƙe mu a ƙasar mutane? In takardar nan ta mutu, masana'antar da kake wa aiki za ta sallame ka. Gobe ka je ka ji daga bakin masu abin."

Da labari ya iske Kundi cewa mace mai jego ta soke hukuncinsa, sai da ya zauna. Irin wannan raini in aka bar shi, yaɗuwa yake yi. Washegari ya sa kwat, ya jera biro huɗu a aljihu, ya rufe shago, ya ce zai raka mai walda don ya ga yadda ake magana da hukuma. Wannan ce ranar farko da ya tsallaka titin.

A ciki akwai benci, da layi, da na'urar ba da lamba. Kundi ya ƙi karɓar lamba, ya tsaya yana jiran yaransa su taso su gaishe shi. Da alama aiki ya yi musu yawa.

Da aka kira mai walda, wata ma'aikaciya mai tabarau ta duba takardunsa, ta ce, "Barka da ƙaruwa. Amma a nan haihuwa ba ta sabunta wa iyaye izini. Gara da ka zo yanzu. Da ka bari ya ƙare, da aikinka ya tafi." Ta buga hatimi.

Mai walda ya share gumi. Kundi ya gyara murya.

"'Yata, ke sabuwa ce, ba laifinki ba ne. Doka teku ce, ba a shiga da cokali. Kira min babbanku."

"Baba, kai ne lauyansa?"

"Na fi lauya. Ni ne abin da lauyoyi ke zama in sun yi sa'a. Shekara ashirin da biyu a ƙasar nan, ba a taɓa yi min kallon banza ba." Ya zaro katin izinin zamansa ya buga a kan kanta, yadda duk layi zai ji.

Ta ɗauka, ta duba gaba, ta duba baya, ta goge tabarau ta sake dubawa.

"Baba, katin nan ya ƙare shekara goma sha biyu da suka wuce."

Kundi ya yi dariyar manya, ya juya ga jama'a don su shaida. "Kun ji ko? Ba ta san wanda ya shekara goma ya zama ɗan ƙasa da kansa ba. Ayaba in ta kwana biyu, wa ke cika mata takarda kafin ta nuna?"

"Ayaba ke nan," in ji ta. "Mutum sai ya nema, a duba, a ba shi ko a hana. Ka taɓa nema?"

Wanzami ba ya son jarfa. Kundi ya shiga gyara biro huɗun da ke aljihunsa. Wata tsohuwa a layi ta ce, "Ikon Allah," da ƙarfin da bai kamata ba.

Ma'aikaciyar ta miƙo masa takardu masu kauri. "Maganarka sai a sama, kuma ba ƙarama ba ce, har shagon da kake riƙe da shi za a tambaya, in kana da shi. Ka nemi lauya, na gaskiya. Ka ɗauki lamba ka zauna."

Mai walda, ɗan halak, shi ya ciro masa lambar, ya matsa masa wuri a benci.

Kundi na shirin zama ma'aikaciyar ta sake kiransa. "Af, Baba, za ka kawo hoto biyu. Amma don Allah kada ka je shagon nan na tsallaken titi. Rabin hotunansa mayarwa muke yi. An ce surutu ke hana shi duba abin da yake ɗauka."