Ranar da Wasa Ya Ƙare a Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kayar da unguwarmu da hannuna ba, a gaban matata da rabin Agege.

Bakina ne ya ja min. Shekara da shekaru ina zama a teburin mai shayi ina ba matasa tarihin gasar ƙwallon tebur ta ƙasashen duniya: yadda maza uku-uku ke tsaya wa ƙasarsu, yadda Turawa suka daɗe da kofin kafin 'yan Chana su zo su ƙwace. Daga nan sai in zarce da nawa tarihin, wai a zamanina daga Agege har Ojo ba wanda ya taɓa cina. (Gaskiyar magana, rabona da wasa tun kafin in yi tumbi, tumbin kuma ya girmi ɗana na fari.)

Ana nan sai 'yan kasuwar Mile 12 suka aiko mana da goron gasa, uku da uku, kowa wasa ɗaya, masu nasara su tafi da rago. Ƙanin matata Sani, wanda ya fi kowa iyawa a layinmu, da kansa ya janye ya bar min gurbinsa. "Yaya, kai ne babba, kai za ka rufe mana." Ni kuwa na karɓa ba kunya.

Ranar na ƙi zuwa da wuri, wai babban ɗan wasa ba ya jiran kowa. Ina sauka daga okada na tarar an yi ɗaya da ɗaya, saura ni da Bulus, wani siririn mutumin Kudancin Kaduna mai sauke kwandunan tumatir.

Ina da wani salo tun na da: in bar mutum ya yi gaba ya saki jiki, sannan in taso masa kafin a kai ashirin da ɗaya. Bulus ya ci biyar, ina murmushi. Ya ci takwas, na ɗaga wa matata hannu. Na dai lura ana karɓar sabis bayan biyu-biyu maimakon biyar-biyar, na ce iyayin yaran zamani ne.

"Yaya, goma fa!" in ji Sani. "Don Allah ka farka!"

"Kwantar da hankalinka," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Yanzu aka fara!"

Na doka ƙwallon waje, har da wani juyi. Sai na ga 'yan Mile 12 sun ɗaga Bulus sama, wani yana kwance ragon. Ni ko na duƙa ina jiran sabis.

Alƙalin wasa ya zo ya dafa ni. "Oga, an gama. Sha ɗaya ake yi. Tun kana da gashi aka canja."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska. Sani kuwa ido kawai ya bi ragon da shi har aka cusa shi a motar danfo. Tun ranar, ko masallaci na nufa sai wani ya ce, "Yanzu Aka Fara, barka da fitowa."

Darasin da na koya shi ne mai ba da tarihi ya tsaya a teburin shayi. Kuma in faɗa maka abin da ban faɗa wa Sani ba: tun da Bulus ya ci uku nake wasa da iya ƙarfina, amma ko ɗaya ban ci ba. Sha ɗayan nan ita ta rufa min asiri.