Ranar da Na Kwanta a Gadon Sikana Don Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai Kawu Sanda hoton ƙwaƙwalwa. A lokacin ƙasa tana cikin rikicin siyasa, ni kuma ina aiki a wani gidan rediyo a Maradi. Da safe in karanta sanarwar gwamnati, da yamma ta ƴan adawa, duka da murya ɗaya wadda ba ta rawa. Ranar Laraba kuma ni ke gabatar da shirin lafiya (abin da ya sa dangi suka ɗauke ni rabin likita, ni ma ban taɓa musa musu ba).

Kawu, ƙanen mahaifiyata, manomin rani ne a Jiratawa. Yana cikin ban ruwa ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. A asibiti, likita ya yi mana bayani a fili. Ko dai jini ne ya daskare ya toshe jijiya, ko kuwa jijiya ce ta tsage jini yake ɗiga a cikin kai. Maganin da ke tsinka jini yana taimakon na farko, yana iya kashe na biyu. Ba zai ba shi komai ba sai sikana, na'urar hoton cikin kai, ta nuna.

Da aka tura Kawu ɗakin sikana, ya ga siririn gado, da farin ƙyalle, da maɗaurin kai, sai ya riƙe kujera da hannunsa mai lafiya.

"Ba a kwantar da mai rai haka," in ji shi. "Ku maida ni gida in mutu bisa tabarmata."

Inna Hajo, matarsa, ta yi lallashi har ta gaji. Ƴarsa da ke aure a Tibiri tana ta kuka a baranda. Sai na gyara murya.

"Kawu, wannan na'ura hoto kawai take ɗauka. Bari in kwanta ka gani."

Ma'aikacin ɗakin ya yarda, ya ce ba zai kunna hasken ɗaukar hoton ba, gadon kawai zai motsa. Na cire hula na kwanta. Ya ɗaure mini goshi, ya miƙe mini hannuwa, ya ja ƙyallen har ƙirji. Gado ya fara tafiya a hankali zuwa cikin ramin na'urar, kaina na gaba. (Ramin nan fa bai fi bakin randa ba, ta baya ma a buɗe yake. Daga baya na tabbatar.) Amma da rufinsa ya zo saitin idona, sai na tuna duk wanda na taɓa rakawa maƙabarta. Na soma kalmar shahada da ƙarfi. Daga nan na koma kiran mahaifiyata, ina cewa a fitar da ni, ina da ƙananan yara.

Ƙofa a buɗe take. Da aka jawo gadon, ina zufa, na ji wata tsohuwa a baranda tana tambaya, "Wanga ba muryar mai shirin lafiya ba ce?"

Wani ya amsa, "Shi ne, Hajiya. Yau shirin kai tsaye ne."

Na juya na ga kafaɗar Kawu tana girgiza. Dariya yake da rabin baki, hawaye na zuba.

"Hajo, kama ni in hau," ya ce. "In na ƙi, za a ce tsoron nan daga wajenmu ya gado shi."

Ya kwanta shiru har aka gama. A hoton, likita ya nuna mana wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar wake, ya ce jini ne. Aka ajiye maganin tsinka jini, aka kama saukar da hawan jininsa. Kafin rani ya zagayo Kawu yana takawa zuwa fadama da sanda, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya sha labarina kafin ya sha ruwa.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba wani ƙarfin zuciya, ka ba shi kana tsaye. In kuwa dole sai ka kwanta, ka sa a rufe ƙofa tukuna.