Surukin da Na Sani Daga Idon Sawu Zuwa Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Yamai ba, shekarar fari, lokacin soja. Ina koyar da Ingilishi a kwaleji, yara na ce mini Mushe (wato Malam da Faransanci), ni kuma kaina ya kumbura. Ga shi ina neman auren Ramatu, 'yar Alhaji Sule, mutumin Tawa mai riƙe da makullan wata mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsin agaji.

Sau biyu kacal na je gaishe shi. Duk biyun a tsugune nake, ido a ƙasa, kamar yadda kunyar suruki ta tanada. Ya ce "madalla", na tashi. Fuskarsa ban san ta ba, amma takalmansa na haddace su: jajaye, ɗinkin Agadas, na hagu da faci.

A makon Asabar ɗin aka fara raɗe-raɗin an ga Alhaji cikin motar soja. Zamanin kuwa wanda aka kama da karkatar da hatsi, sai addu'a. Hankalina ya tashi ƙwarai, amma (Allah Ya yafe mini) bakina ya fi hankalina tashi.

Ranar Asabar na je ɗaurin auren wani abokin aiki. Aka tuɓe takalma a gefe, na sami wuri kan tabarma kusa da wani dattijo mai farin rawani. Daga hirar ruwan da ya ƙi zuwa, sai na rage murya na fesa masa: an kama Alhaji Sule da buhunan jar dawa, an yi gaba da shi. Har na ƙara da cewa dama tumbin nan nasa bai yi kama da na shekarar fari ba (tumbin da ban taɓa gani ba, ka ji).

Dattijo ya tambaye ni a hankali wa ya gaya mini.

Maimakon in ce a bakin mai shayi na tsinta, sai malanta ta motsa. Na ce Ingilishi na da karin magana, in labari tabbas ne sai su ce daga bakin doki ya fito. Na warware masa asali: mai sayar da doki zai iya rage masa shekaru, shi ya sa mai saye ke buɗe bakin dokin ya duba haƙora da kansa. Na ce to nawa labarin irin wannan ne.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe da ilimi a wurin."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ya miƙe, ni ma na bi shi don ladabi, har da cewa bari in ɗauko masa takalma. Ya nuna da sanda. Jajaye. Na hagu da faci.

Wallahi ji na yi ƙasa ta juya. Na tsaya da takalma a hannu. Sai na tsuguna a gabansa, ido a ƙasa.

"Baba..."

"Ajiye su, Mushe. Jiya na dawo daga Wallam. Hatsi muka kai da soja, mutane na cin ganye."

Ya sa takalmansa ya tafi. Kwana tara ban iya bin layinsu ba, na riga na yi wa Ramatu bankwana a zuci. Sai da kawuna ya kwashi dattawa biyu suka je ban haƙuri. Alhaji ya ce zai ba ni ita, don ya ga aƙalla ba na iya ɓoye abin da ke cikina.

Ya ba ni ɗin. Amma har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zo gidan, haka yake gabatar da ni: "Ga surukina, wanda ya ɗaure ni." Tun daga nan, in labari ya yi mini daɗin faɗa, sai in haɗiye shi da miyau.